An ce sai an yi wa Inna dashen ƙashi a aikin canjin gwiwa: daga ina za a samo ƙashin?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina rubuto maka daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Mahaifiyarmu ta haura shekara 60, ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, har ƙafarta ta dama ta lanƙwashe ta zama ƙafar baka. Yanzu ko zagayawa sai da sanda. Mun kai ta Kano aka yi hoto, likita ya ce sai an canja gwiwar, kuma ya ce ƙashin ya cinye ta gefe ɗaya, wataƙila sai an yi mata dashen ƙashi a lokacin aikin. Wannan magana ta tayar da hankalin gida. Wasu na cewa ƙashin mamaci za a sa mata, wasu na cewa a ɗaya ƙafar za a yanko. Daga ina ake samo ƙashin? Zai kama a jikin mai shekarunta? Kuma akwai laifi idan muka jinkirta zuwa baɗi don mu tara kuɗi?

Amsa: Malam, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Bari in fara da abin da ya fi tayar muku da hankali. A aikin canjin gwiwa na farko, irin wanda ake shirin yi mata, ƙashin da ake cike gurbi da shi galibi daga cikin ita gwiwar da ake wa aiki yake fitowa. Ɗaya ƙafar babu mai taɓa ta, kuma da wuya a buƙaci ƙashin wani mutum. Likitan da ya duba ta, ya riƙe hotonta a hannu, shi ke da magana ta ƙarshe. Amma yadda ka kwatanta ƙafar, na san irin gwiwar, don iyayenmu mata na karkara da irinta suke zuwa mana.

Mutane da dama in sun ji an ce canjin gwiwa, sai su ɗauka za a datse gaɓar ne ɗungurungum a jefar. Gwiwa mahaɗar ƙasusuwa uku ce: ƙarshen ƙashin cinya, kan ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa a gaba. Fuskar kowannensu lulluɓe take da guringuntsi mai santsi. Idan amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin, sai ƙashi ya koma yana gugar ƙashi, shi ne ƙarar da kuke ji in Inna za ta miƙe. A ɗakin tiyata ana sa zarto a shafce wannan fuska da ta lalace kaɗai, kauri kamar milimita 8 zuwa 10. Daga nan a kifa murfin ƙarfe a ƙarshen ƙashin cinya, a ɗora farantin ƙarfe a kan ƙashin ƙwauri, a zura wata roba mai tauri a tsakaninsu, a liƙe ƙarafan da simintin ƙashi. Wannan salo ya kafu ne tun daga gwiwar da Dakta John Insall da abokan aikinsa suka fito da ita a Amurka a 1974. To waɗannan yankan da zarto ya fitar, da yawancin lokaci zubar da su ake yi, su ne jarin likita idan ya tarar da rami.

Shi ramin, ga yadda yake samuwa. Ko ga mai lafiyar ƙafa, fiye da rabin nauyin jiki ta gefen ciki na gwiwa yake sauka idan ana tafiya. Shi ya sa guringuntsin wannan gefe ke riga ƙarewa. Da ya ƙare, ƙafa ta ɗan lanƙwashe waje, nauyi ya ƙara tattaruwa a gefen ciki, ƙashin ya ci gaba da gogewa, ƙafar ta ƙara lanƙwashewa. Haka abin ke ciyar da kansa shekara da shekaru. Ka ɗauko hoton nan ka ɗaga shi ga hasken rana, ka dubi kan ƙashin ƙwauri. Za ka ga gefen waje a miƙe, gefen ciki kuwa ya gangara ya yi kwari, bakinsa ya fi sauran fari saboda ƙashin wurin ya taurare. Yawanci kwarin ya fi zurfi ta baya. Mai gwame kuma a gefen waje nasa ramin yake. Akwai wasu hanyoyin da ƙashi ke cinyewa: tsohuwar karaya a kan ƙashin ƙwauri da aka yi ɗori a gida ta warke a lotse, amosanin da ke kumbura gaɓɓai da yawa lokaci guda, mutuwar wani sashe na ƙashi ga masu sikila ko waɗanda suka daɗe suna shan ƙwayoyin sitiroyid masu kwantar da kumburi da ciwo, sai kuma gwiwar ƙarfen da ta tsufa ta kwance, wadda ita ce ta fi barin babban rami.

Af, hoton da aka ɗauka tana kwance yakan ɓoye gaskiyar lanƙwasar. Na tsaye, da nauyinta a kan ƙafar, shi ake so. Idan wanda ke hannunku na kwance ne, kada ku ji haushi in an ce a sake.

Me ya sa ba za a ɗora farantin haka nan a wuce ba? Ka dubi magini da zai ɗora azara a kan katangar da ruwa ya zaizaye kafaɗarta ɗaya. Ko dai ya sassabe katangar duka ta sauko daidai da inda ya zaizaye, ko ya cike wurin da yaɓe, ko ya jera tubali ya tayar da shi. In ya ɗora haka nan, damina ɗaya rufin zai karkace. Farantin gwiwa ma sai ya zauna daram a kan ƙashi ta kowane gefe. Idan wani sashe nasa a iska yake, duk takun da Inna ta yi zai ɗan girgiza shi, a hankali simintin ya tsage, farantin ya nutse ta wannan gefe, ƙafar ta koma yadda take, da ciwo fiye da na da.

Sassabe ƙashin ya sauko ƙasa shi ne mafi sauƙi, kuma ana yinsa idan bambancin kaɗan ne. Amma yana da iyaka, domin ƙashin ƙwauri iya saukarka ƙasa iya ƙanƙancewarsa da raguwar ƙarfinsa, ga jijiyoyin da ke riƙe gwiwa a nan kusa suke manne. Don haka likita yakan yanka daidai gwargwado, sannan ya auna abin da ya rage na ramin. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce: in zurfinsa bai kai milimita 5 ba, siminti kaɗai ya isa. Daga 5 zuwa 10, ana iya kafa kusoshin ƙarfe masu zare a cikin ramin a zuba siminti a kansu, ko a cike da ƙashi. In ya wuce haka, ko ya ci babban sashe na fuskar ƙashin, siminti ba zai ɗauka ba, domin in ya yi kauri tsagewa yake yi. A nan sai dai dunƙulen ƙashi ko dunƙulen ƙarfe.

Siffar ramin ma tana da magana. Akwai wanda yake tsakiya, ɓawon ƙashi ya kewaye shi ta ko'ina. Wannan mai sauƙi ne: a ɓarza guntayen ƙashinta, a zuba, a danƙara su har su yi tauri, farantin ya rufe. Akwai kuma wanda gefen ne ya zaftare, babu abin da zai tare abin da aka zuba. Ƙafar baka irin ta Inna wannan na biyun takan haifar, kuma shi ke buƙatar gwaninta.

Bari in kai ka cikin ɗakin, ka ga yadda ake yi. Bayan an yanke kan ƙashin ƙwauri, sai ka ga fuskar a shimfiɗe, ja, jini na tsattsafowa daga ƙananan ƙofofinta, amma can gefen ciki ga wani gangare da zarto bai taɓa ba, yana ƙyalli, fari-fari, ya yi tauri saboda shekarun guga. Babu abin da zai manne da wannan fuska mai santsi. Sai likita ya sake sa zarto ya share ta, ko ya mai da gangaren ya zama mataki mai kusurwa, ko ya bar shi a karkace amma a miƙe sumul. In akwai sauran wuri mai tauri, ya hudhuda shi da siririn ƙarfe har ɗigon jini ya fito ta kowace huda. Wannan jinin shi ake nema, shi ne rayuwar dashen. Daga nan ya ɗauko yankan da ya fitar daga ƙarshen ƙashin cinya, ko daga lafiyayyen gefen ƙwaurin, wanda ma'aikaciyar jinya ta ajiye a cikin ƙyalle mai danshi. Ya kankare sauran guringuntsin da ke jikinsa, ya feƙe shi, ya gwada, ya sake feƙewa, har ya zauna cif ba tare da wani giɓi ba. Ya danne shi, ya murɗa kusa ɗaya ko biyu su ratsa shi zuwa cikin ƙashinta, kawunansu a nutse yadda ba za su taɓa farantin ba. Abin da ya yi tozo a sama a shafce shi ya yi daidai da sauran fuskar. Akwai wani ɗan abu da ake kula da shi ƙwarai a nan: kada siminti ya kutsa tsakanin dashen da uwar ƙashin. In ya shiga, ya raba su ke nan har abada. Shi ya sa ake toshe bakin mahaɗar da niƙaƙƙen ƙashi kafin a zuba siminti. Duk wannan ƙarin aiki mintuna ne a kan tiyatar, ba wata tiyata ce ta daban ba, kuma babu ƙarin yanka a fata.

Idan ramin ya yi girma, ana ƙara wa farantin wata doguwar sanda ta ƙarfe a ƙasansa, wadda ke shiga cikin ramin ɓargo. Aikinta ta ɗauke wani kaso na nauyin ta kai shi can ƙasa inda ƙashi ke da ƙarfi, dashen ya samu sararin kamawa. Ka riƙe maganar wannan sanda, za mu dawo kanta wajen kuɗi.

Wani lokaci yankan gwiwar ba ya isa, ko ya yi rauni. Sai a ɗebo daga bakin ƙashin ƙugunta. Wurin na da yalwa kuma ba ya hana tafiya, sai dai yakan yi ciwo na ɗan lokaci. A aikin farko ba a cika kaiwa ga haka ba.

Maganar ƙashin wani kuwa, gaskiya ne ana amfani da shi, amma galibi a aiki na biyu ko na uku, inda gwiwar ƙarfe ta lalace ta tafi da ƙashi mai yawa. Kuma mafi yawan wanda ake sawa a irin wannan rami kan ƙashin cinya ne da aka cire wa mai rai a aikin canjin ƙugu, da izininsa. Ana gwada jininsa don HIV da ciwon hanta na B da C, a daskarar da ƙashin a sanyi mai tsanani, kusan digiri 80 ƙasa da sifili, a ma'ajiyar ƙashi. Irin waɗannan ma'ajiyai ba su da yawa a ƙasar nan, don haka ko da an so, ba abu ne da ake samu a saukake ba. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta halatta ɗauke wani sashe na jikin mutum a mayar wani wurin a jikinsa in amfanin ya rinjayi cutarwar, ta kuma halatta karɓa daga wani bisa sharuɗɗa, ciki har da izini, tare da haramta sayarwa. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ita ma ta hana cinikin sassan jikin ɗan Adam. Kuma babu likitan da zai sa mata ƙashin wani ba tare da an gaya muku an sa hannu ba. Ku kai wa dattawan gida wannan bayani, in da sauran shakka a tambayi malamin da kuka yarda da shi.

Yanzu tambayarka ta biyu, ko zai kama. Guntun ƙashin da aka yanke aka mayar, yawancin ƙwayoyin halittar da ke cikinsa mutuwa suke yi, don an raba su da jini. Abin da ya rage shi ne gangar jikinsa. Ƙananan hanyoyin jini daga uwar ƙashi su ke kutsawa ciki sannu a hankali, wasu ƙwayoyi na cinye tsohon, wasu na shimfiɗa sabo a gurbinsa, har wurin ya zama ƙashinta mai rai. Ga ƙashin mutum na kansa, haɗewar takan ɗauki wata 3 zuwa 6. Na wani mutum ya fi jinkiri nesa ba kusa ba, kuma babban dunƙule ba ya rayuwa duka. Shekara 60 da 'yan kai ba ta hana wannan aiki, ƙashin tsoho yana haɗewa kamar yadda karayarsa ke warkewa. Abin da ke hanawa daban ne: ciwon suga da ba a saita ba, taba ko ta sha ko ta shaƙa ko ta ɗanawa a baki, ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki, ƙwayoyin cuta a cikin gaɓar, da kuma taka ƙafar da cikakken nauyi kafin lokaci. In bai kama ba, yakan narke ko ya murƙushe, farantin ya karkata, a koma tiyata. Hakan na faruwa, amma ba shi ne aka fi gani ba idan an shirya wurin da kyau kuma an kiyaye bayan aiki.

Amfanin ƙashin nata a bayyane yake. Jiki ba ya ƙin abinsa, babu fargabar ɗaukar cuta, babu ko kwabo da za a biya a kansa, kuma in ya kama ya mayar mata da abin da ta rasa, ko da nan gaba an buƙaci sake aiki akwai inda za a ɗora. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2019, daga rajistar ƙasashen waje, ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka canja suna nan suna aiki bayan shekara 25. Wannan lissafi na duk gwiwoyi ne, masu rami da marasa rami, amma ya ishe ka ka gane cewa mai shekara 60 tana iya daɗewa da tata, kuma tanadin ƙashi ba asara ba ne.

Dunƙulen ƙarfe, wanda ake ɗaurawa a ƙasan farantin ya cike gurbin, shi kuma nasa amfanin shi ne ba ya jiran haɗewa, washegari ana iya takawa. Amma sai an ƙara yanke lafiyayyen ƙashi don ya zauna, kuma daga waje ake shigo da shi, da tsadarsa. A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu abokan aiki za su ga daban. In mai shekara 55 ko 60 ce, da ƙarfinta, da masu kula da ita, na fi son ƙashinta. In kuwa tsohuwa ce tukuf, ƙashin ya yi laushi, ko na lura babu wanda zai tsaya a kanta a gida, gobe za ta ajiye ƙarfen dafawa ta nufi rijiya, to dunƙulen ƙarfe da doguwar sandar ƙasan farantin sun fi mata kwanciyar hankali. Wato yanayin gidanku yana cikin abin da likita zai auna, don haka ku gaya masa gaskiyar yadda kuke zaune.

Jinkiri kuma iri biyu ne. In nufinku ku jira kaka, ku sayar da riɗi, ko ku kai bijimi kasuwar Maigatari, hanya ta bushe, a yi aikin da rani, wannan shiri ne, kuma 'yan watanni ba su cika sauya lissafi ba. Na fi son a zo da kuɗi cikakku da a fara a tsaya a tsakiya. Amma baɗin da ke zama baɗin baɗaɗa, shi nake jin tsoro. Ƙafar da ta riga ta lanƙwashe ba ta tsayawa inda take. Ramin da yau yankan gwiwarta zai cike kyauta, nan da shekara biyu ko uku yana iya neman dunƙulen ƙarfe da sanda, jijiyoyin gefen waje su saki har a buƙaci wata irin gwiwa mai riƙe kanta, wadda ta fi ta yau da kullum tsada sosai. Aikin dama na miliyoyin naira ne, jinkirin sai ya ƙara masa. Ga naman cinya da ke ramewa saboda zama, wanda shi ne zai ɗaga ta bayan tiyata. In kun yanke shawarar jira, ku sa wata, ku gaya wa likitan, a sake hoto kafin ranar.

Watannin jiran ma da aikinsu. A auna suga da hawan jini da yawan jininta, a gyara. In akwai ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon fitsari, ko wani miki a ƙafa ko tsakanin yatsu, a magance shi tukuna, domin ƙwayoyin cuta daga can suna bin jini su zauna a kan ƙarfe, kuma in sun zauna, dashe da gwiwar duka suna cikin hatsari. Ta riƙa riƙe sandarta a hannun hagu, tunda ƙafar dama ce mai ciwon. Kullum tana zaune a bakin gado ta miƙe ƙafar ta riƙe ta ɗan lokaci ta sauke, ta maimaita. A ƙara mata wake, ƙwai, nono, kifi, zogale, ta kuma riƙa shan hantsi. Sai babban abin da nake roƙo: ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a kemis ko a kasuwar ƙauye a ce maganin sanyin ƙashi ne, a daina. Sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, irin su dekzametason da firednisolon, masu sa ciwo ya lafa yau, ƙashi ya yi laushi gobe, suga ya hau. In ta daɗe tana sha, kada a tsayar farat ɗaya, a kai ledar wa likita ya gani, shi zai tsara yadda za a janye. Haka allurar da ake yi a cikin gwiwa: in an yi ta cikin wata 3 kafin tiyata, tana ƙara hatsarin shigar ƙwayoyin cuta. A faɗa masa ranar da aka yi ta ƙarshe.

Idan kun koma wurinsa, kada kunya ta hana ka tambaya. Ka ce ya nuna maka ramin a hoto, ya gaya maka da me yake shirin cikewa, kuma in ya buɗe ya tarar ya fi yadda hoto ya nuna, me ya tanada. Wannan ta ƙarshen ita ce tambayar da ta fi kowace, domin hoto yakan rage wa rami girma. Ya kamata a ce sanda da dunƙulen ƙarfe suna nan a ajiye a ɗakin ranar aikin ko da ba za a buɗe su ba, kuma ku san tun yanzu ko kuɗinsu na cikin lissafin da aka ba ku. Shi ya sa irin wannan gwiwa ba ta kowane asibiti ba ce. A nemi inda suka saba yinta kuma suke da masu gashin ƙashi, wato ma'aikatan asibiti masu koyar da motsa gaɓɓai, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da ke aiki tun 1959, ko wata babbar cibiya makamanciyarsa. Ku kuma shirya masu ba da jini daga cikin 'yan'uwa.

Sauran rabin aikin a tsakar gidanku yake. Wanda aka yi wa canjin gwiwa ba tare da dashe ba, yawanci ranar ko washegari ake tayar da shi ya taka. Mai dashe ma za a tayar da ita da wuri, don zama yana jawo gudan jini a jijiyar ƙafa, amma in dunƙulen babba ne za a ce kada ta sake wa ƙafar nauyinta duka, sai da ƙarfen dafawa mai ƙafa huɗu ko sandunan hammata, na tsawon mako 6 zuwa 12. Wahalar ita ce ciwon yakan ragu tun kafin ƙashin ya kama. Mako uku da sallama za ta ce muku ta warke, ta ga jika na kuka ta sunkuya ta ɗauka, ko ta ga surfe bai yi mata ba ta karɓi taɓarya. Iyayenmu ba su iya zaman banza ba, kuma ɗa ba ya iya tsawata wa uwa. Don haka tun kafin aikin a samu wadda take jin maganarta, ƙanwarta ko babbar 'yarta, ta tare a ɗakin.

A gyara wurin kafin ta dawo. Kwanciya a tabarma a ƙasa ta ƙare na wani lokaci, a samo gado mai tsayi wanda in ta zauna ƙafafunta za su taɓa ƙasa. Masai na tsuguno shi ne babban abokin gaba. Kafinta zai iya yin kujerar katako mai rami a tsakiya da madafa a gefe, a ɗora a kan bakin masan, a tabbatar ba ta motsi. A duba dokin ƙofa, da santsin wurin wanka, da igiyar awaki da ke ratsa tsakar gida. Ranar dawowa a ɗauko shatar mota ta zauna a baya ta miƙe ƙafa, a tsaya a hanya ta ɗan motsa. Babur kam a manta da shi har sai likita ya yarda.

Salla a kujera za ta yi, kuma wataƙila ta ɗore a haka. Gwiwar ƙarfe takan lanƙwasu zuwa digiri 110 ko 120, zaman tahiya kuwa yana neman kusan 150. Shari'a ta riga ta sauƙaƙa wa wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune. Gara ta ji wannan daga bakinku yanzu da ta ji bayan an gama, ta ga kamar an ɓoye mata.

Masu zuwa sannu za su zo da shawarwari. Kada a bar maɗori ya ja ƙafar ko ya murɗa ta, kada a gasa wurin ɗinki da ruwan zafi, kada a shafa masa mai ko garin magani, kada a yi tsaga ko ƙaho a kusa da gwiwar, yanzu ko nan gaba. Motsa jikin da masu gashin ƙashi suka koya mata shi kaɗai za ta yi, kullum, ko da tana ƙorafi, don gwiwar da ba a lanƙwasa ta a makonnin farko ba sandarewa take yi. Maganin hana gudan jini a sha shi har ƙarshen kwanakin da aka rubuta.

In kun ga zazzaɓi, ko ɗinkin yana fitar da ruwa ko mugunya, ko gwiwar ta ƙara kumbura ta yi zafi bayan ta fara saɓewa, ku koma inda aka yi aikin a ranar, kada ku fara sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, don yana ɓata gwajin da za a yi. In sharaɓarta ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe mata da ciwon ƙirji, wannan na gaggawa ne, babban asibiti mafi kusa za ku nufa ko da tsakar dare ne. Haka in ta faɗi, ko kuka ga ƙafar ta fara komawa baka.

Za a ba ku ranakun dawowa, yawanci wajen mako 2 don ɗinki, mako 6 da wata 3 don hoto, sannan a riƙa tazara. A hoton likita na duba layin da ke tsakanin dashen da ƙashinta, ko ya fara ɓacewa, da kuma ko farantin na nan inda aka ajiye shi. Da wannan zai ce ta ƙara nauyi, ko ta koma sanda ɗaya, ko ta ajiye gaba ɗaya. Kuɗin motar waɗannan zuwa da na hotunan ku sa su cikin lissafi tun yanzu, ku ware su gefe, kuma duk zuwa ku riƙo tsofaffin hotunan a cikin ambulan ɗinsu don a jera a kwatanta.